Tilon ɗana zai zama Fada, ni kuwa ina Damam ina haɗa masa lefe

Anti, ina gaisuwa. Ni nas ce, 'yar Katolika daga kudancin Kaduna, shekarata tara ina aiki a wani asibiti a Damam ta ƙasar Saudiyya. Maigidana ya rasu yara suna ƙanana, ya bar mini mata biyu da namiji ɗaya, kuma don su na baro gida. Namijin yanzu shekararsa 24, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa. Na gina masa ciki da falo a filin babansa. Akwai yarinyar da suka shekara biyu tare, 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu, har na fara sayen sarƙar gwal da turaruka da zannuwan gado ina ajiyewa. Watan jiya ya kira ni ta bidiyo ya ce ya kai takardar neman shiga seminari, makarantar horar da limaman coci, Fada yake son zama. Wayar ma faɗuwa ta yi daga hannuna.

Ƙanin babansa fasto ne a wata ɗarika, da matarsa da 'ya'ya biyar. Ya ce in aikin Allah yaron ke so ya dawo wurinsu, ya yi wa'azi ya kuma yi aure, kada sunan yayansa ya ɓace. Wani likita Bamisire da muke aiki tare ya ce shi kansa ɗan firist ne, wato Fada a cocinsu, to me ya hana namu? Ƙawata Hajiya, Bahaushiya haifaffiyar nan wadda nake cin tuwo a gidanta ranar Juma'a, ta ce in gaya masa ban yafe ba in ya tafi. Na kuma ji ana cewa Roma na shirin ɗage dokar da ta hana Fada aure. Ga yadda ake sace Fada-fada a gida. Shin in daina tura masa kuɗi? In bi shawarar baffansa? Ko in lallaɓa shi ya jira a canza doka? Har na yi tunanin in ajiye aikin in koma. Ba na barci.

Uwar tilo, daga Damam

Uwar tilo, sannu da ɗawainiya, sannu kuma da zaman ƙasar mutane. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka, kuma wurin kayan lefen nan na fi daɗewa. Na san irin akwatin. Yana ƙarƙashin gado a masaukin ma'aikata, duk ƙarshen wata in albashi ya shigo a leƙa kasuwa a ƙara kwalbar turare ko zanin gado, a zauna a kansa don zif ya ja. Wadda ta yi shekara tara tana aikin dare da wannan akwati a ranta, in aka wayi gari aka ce mata babu biki, dole barci ya ƙaurace mata. Kada kowa ya ce miki kukan nan rashin bangaskiya ne.

Bari mu fara da dokar, tunda a kanta kika rataya fatanki. Likitan nan bai yi miki ƙarya ba, kuma ayoyin da na san baffan yaron zai kawo suna nan. Bitrus yana da suruka, Matiyu 8:14 ya nuna Yesu ya shiga gidansa ya same ta kwance da zazzaɓi. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa mai kula da ikilisiya ya zama mijin mace ɗaya. Amma Bulus ɗin nan dai, a 1 Korintiyawa sura 7, shi ya ce da ma kowa kamarsa yake, domin marar aure hankalinsa na kan al'amuran Ubangiji, mai aure kuwa hankalinsa a rabe yake. Yesu ma a Matiyu 19:12 ya ambaci waɗanda suka haƙura da aure saboda Mulkin Sama, ya ce mai iya ɗauka ya ɗauka. In kika tsaya jifan ayoyi da ɗanki, kowa zai samu dutse, shi kuma da ya daɗe yana juya maganar a ransa zai fi ki tara su.

A ƙarnonin farko firistoci da bishop-bishop da yawa magidanta ne. Tun wajen shekara ta 305, wani taron bishop-bishop a Elvira ta ƙasar Sifaniya ya nemi limamai masu aure su ƙaurace wa shimfiɗar matansu, aka yi ta ja-in-ja ɗaruruwan shekaru. Ikilisiyar Gabas ta yanke nata hukuncin a taron Trullo na 692: mai aure zai iya zama firist, amma bishop sai marar aure. Ta Yamma kuwa, wato ɓangaren Roma, ta ƙara ɗaurewa, har taron Lateran na biyu a 1139 ya ce auren firist ba aure ba ne. Cikin dalilan akwai na ruhaniya, akwai kuma na duniya, don ana tsoron dukiyar coci ta zama gadon 'ya'yan limamai. Da Martin Luther ya fice, ya auri Katharina von Bora a 1525, kuma daga wannan reshe ne fastocin ECWA da COCIN da Angilika da sauransu suka samo gidan fasto mai mata da 'ya'ya. Taron Trent ya mayar da martani a 1563, ya sake jaddada dokar.

Ikilisiyar Katolika da kanta ba ta ce wannan aƙida ce da ba ta taɓuwa ba. Taron Vatican na biyu ya faɗa a 1965 cewa asalin aikin firist bai wajabta rashin aure ba, sai dai ya dace da shi ta fuskoki da dama. Ƙarƙashin Fafaroma akwai Ikilisiyoyin Gabas guda 23, kuma da yawansu, kamar Maroniyawan Labanon, suna da firistoci magidanta. Tun 1980 ake karɓar wasu fastocin Angilika masu aure da suka koma Katolika a naɗa su firistoci, Fafaroma Benedict na 16 ya faɗaɗa hanyar a 2009. Muhawarar kuwa da zafinta. Masu son a sassauta suna nuna ƙauyukan da ke yin watanni ba su ga Fada ba, da kaɗaicin da ke cin wasu, da 'ya'yan ɓoye, waɗanda Vatican ta amsa a 2019 cewa tana da ƙa'idoji na cikin gida game da su. Masu son a bar ta suna cewa Fada marar iyali ana iya tashinsa ƙarfe biyun dare ko a tura shi inda mai 'ya'ya ba zai yarda ya je ba, kuma rayuwarsa kanta wa'azi ce cewa akwai abin da ya fi duniya.

Ni dai in aka tambaye ni, ina ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma ba zan yi mamaki ba in wata rana aka ƙara buɗe ƙofa ga dattawa magidanta. Amma 'yar'uwa, ki saurare ni a nan. Abin da kika ji ana raɗe-raɗinsa ya samo asali ne daga taron bishop-bishop kan yankin Amazon a Oktoban 2019, inda 128 suka goyi bayan naɗa magidanta a wuraren da babu firistoci, 41 suka ƙi. Da Fafaroma Francis ya fitar da takardarsa a Fabrairun 2020, bai ɗauki shawarar ba, duk da cewa shi kansa ya sha faɗin cewa tsari ne da za a iya dubawa. Kuma ko da ya ɗauka, maganar dattawa ce masu iyali da suka riga suka zama dikinoni, wato matakin da ke ƙasa da firist, a can cikin daji. Ko a wurin Ƙibɗawa, Kiristocin Masar mutanen likitanki, aure ake fara yi kafin naɗi, wanda aka riga aka naɗa ba ya aure. Ɗan Katolika na Kaduna kuma ba ya tashi kawai ya koma tsarin Gabas don ya kauce wa doka, sai da izinin Roma. In kika ce wa yaro mai shekara 24 ya zauna jiran canjin doka, zai yi furfura a bakin ƙofa, bai zama Fada ba bai zama ango ba.

To mu bar Roma da dokarta, mu dawo gida. Na lura a wasiƙarki kin gaya mini abin da baffa ya ce, da likita, da Hajiya, da 'yan raɗe-raɗi. Abin da yaron ya ce bayan wayar ta faɗi ne ban gani ba. Ina zargin ba ki tambaye shi ba, ko kuwa ya fara bayani kuka ya hana ki ji. Lissafi ya nuna shekararsa 15 kika tafi. Daga nan zuwa yau, yawancin saninki da shi ta fuskar waya ne, da hutun wata guda a shekara wanda rabinsa ke tafiya a gaishe-gaishe da rabon tsaraba. Wa ya zauna da shi lokacin da muryarsa ta fashe? Wa ya fara gaya wa sakamakon jarrabawarsa? Mai yiwuwa akwai wani Fada ko katekis da ya tsaya masa a matsayin uba, mai yiwuwa gidan Fada ne ya zama zaurensa. In haka ne, na san abin da ke sukar ki a ƙasan zuciya: ina can ina wanke ciwon mutane don in ciyar da shi, coci ta zagayo ta baya ta ɗauke mini shi. Tafiyarki ba laifi ba ce, da ita aka biya kuɗin makaranta. Sai dai ki yarda cewa saurayin da ke ɗaya gefen wayar yana da shekaru tara na rayuwa da ba ki gani da idonki ba, kuma kafin ki yanke hukunci a kan kiransa ya kamata ki ji labarinsu.

Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki, ba bayan kin kwana a tsaye ba. Ki ce masa, "Ranar nan ban saurare ka ba, yau ka ba ni labari tun daga farko." Ki bar shi ya kai aya. Ki tambaye shi tun yaushe abin ya fara, wa ya sani kafin ke, da wane Fada yake shawara. Ki tambaye shi kai tsaye ko rashin aikin yi bayan bautar ƙasa na cikin lissafin, ko akwai abin da ya faru tsakaninsa da yarinyar, ko akwai abin da yake gudu. Mai kira na gaskiya ba ya tsoron irin waɗannan tambayoyi, masu horarwa a seminari ma za su yi masa waɗanda suka fi su tsanani. Sannan ki gaya masa naki ba tare da ado ba: ina tsoron tsufa ni kaɗai, na so in goya ɗanka, na ji ciwo da ka kai takarda kafin ka gaya mini. Wannan na ƙarshen haƙƙinki ne, ya yi kuskure a nan, kuma ya kamata ya ji.

Abin da zai ɗan sassauta miki numfashi shi ne tsawon hanyar. Kai takarda ba shiga ba ne, shiga kuma ba naɗi ba ne. In an ɗauke shi, akwai shekarar horon ruhaniya, sai karatun falsafa, sai aikin gwaji a coci, sai shekara huɗu na tauhidi, a makarantu irin St. Augustine ta Jos ko Good Shepherd ta Kaduna. A taƙaice sai ya haura shekara 30. Alkawarin zaman rashin aure kuwa sai ranar da za a naɗa shi dikin, dab da ƙarshe. Duk tsawon shekarun nan yana da damar fita, su ma suna da damar sallamarsa, kuma ba kowa da ya shiga ke kaiwa ba. Ban faɗi wannan don ki zauna kina addu'ar ya faɗi ba, zai gane a muryarki. Na faɗa ne don ki san ba gobe za a rufe ƙofa ba, babu dalilin yin abin da za ki yi da-na-sani a cikin gaggawa.

Akwai wani ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya bar seminari a shekara ta shida. Uwarsa, wadda tun farko ta yi ta kuka kamar ke, a lokacin ta riga ta saba da a kira ta Maman Fada, an fara ba ta kujerar gaba a taron Zumuntar Mata, har an fara maganar ankon naɗi. Ranar da ya dawo da jakarsa da katifarsa a bayan mashin, ɗaki ta shiga ta kulle, sati biyu ba ta je coci ba. Ya gaya mini daga baya cewa tun shekara ta huɗu ya san ba wurinsa ba ne, kunyar idonta ce ta riƙe shi. Yanzu malamin makaranta ne da 'ya'yansa. Nakan tuna da shi duk lokacin da aka kawo labarin Fadan da ya ajiye mace a ɓoye, in ce wa ya sani ko wannan ma kunyar gida ce ta hana shi fita tun da sauran lokaci. Saboda haka kalmar da ta fi kowace amfani da za ki ba ɗanki ita ce: in ka shiga ka ga hanyarka ce, ina bayanka, in ka ga ba ita ba ce, ɗakinka na nan, ba wanda zai yi maka gori.

Maganar yanke kuɗi da ta "ban yafe ba", ki ajiye su duka biyun. Hajiya ƙaunarki ce ta sa ta faɗa, kuma a inda ta tsaya maganarta ba baƙuwa ba ce. A addininta aure sunna ce mai ƙarfi, limamin unguwarsu magidanci ne, saurayi lafiyayye ya ce ya haƙura da aure har abada abu ne da ba zai shiga kanta ba. Ki gode mata, ki ci tuwonki, ki ce mata a wurinku akwai wannan hanya kuma ana girmama ta. Amma bakin uwa ba abin gwaji ba ne. In kika furta ya fasa, kin samu ɗa a gida wanda duk ranar da aure ya yi masa ɗaci zai dube ki, matarsa kuma za ta zauna da mutumin da aka tilasta. In kika furta bai fasa ba, ya tafi da rauni, ke kuma kin rasa shi sau biyu. Dokokin Ikilisiyarku ma, a lamba ta 1026, sun haramta tilasta wa mutum karɓar naɗi, sun kuma haramta kange wanda ya cancanta. Kuɗi kuwa, in kina ganin namiji mai digiri ya isa ya nemi na sabulunsa kafin a kira shi, wannan magana ce mai kyau, ki faɗe ta a matsayinta. Kada dai ki ɗaura ta a ƙafar seminari.

Baffansa fa? Kada ki mai da shi abokin gaba, kada kuma ki ɗauke shi haya ya yi miki yaƙi. Mutum ne da ya binne yayansa, yana duban yaron nan yana ganin fuskar mamacin, kuma aikin da yake yi da matarsa a gefensa aikin Allah ne mai daraja. Amma shawararsa ta tsallake wani abu. Ɗanki bai ce yana neman inda zai yi wa'azi ba, ya ce Fada yake son zama, wato ya tsaya a bagade ya miƙa Misa, ya saurari masu tuba. Barin Katolika a wurinsa sauya bangaskiya ne a kan Jibin Ubangiji da sauran abubuwa masu nauyi, kuma wanda ya sauya ɗarika don ya samu mata, ita sabuwar ɗarikar ma ba ta yi dace da fasto ba. Ki roƙi baffan ya zauna da shi sau ɗaya, namiji da namiji, ya gaya masa daɗi da wuyar aikin kiwon mutane, ya faɗi ra'ayinsa, daga nan ya bar shi. In a ƙarshe yaron da kansa ya ga yana son hidima yana kuma son iyali, akwai hanyoyi a cikin cocinsa: katekis, koyarwa, ko zama dikin na dindindin, wanda Fafaroma Paul na 6 ya maido a 1967, ana naɗa magidanci mai shekara 35 zuwa sama da yardar matarsa. Ba kowace diyosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, ke yi ba, sai ya tambaya a tasu.

Wadda na fi tausaya wa bayan ke ita ce yarinyar, kuma ita ce ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Shekara biyu ba kwana biyu ba ne, duk coci an san su tare. Ki tabbatar ɗanki ya je ya gaya mata da bakinsa, ba ta saƙon waya ba, ba kuma ta ji a bakin 'yan ƙungiya ba. In an taɓa kai gaisuwa gidansu, manya su koma su ba da haƙuri yadda aka saba. Ke kuma ki kira ta ki sa mata albarka. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne ki ce mata ta ɗan jira ko zai fito. Na san zuciya za ta raya miki haka, har ki riƙa aika mata 'yar tsaraba don ki riƙe ta. Shekarunta ne za ki kashe a kan cacar da ba tata ba.

Tsoron sata kuwa ba zan ce miki babu shi ba. A Janairun 2020 an shiga Good Shepherd aka ɗauki ɗalibai huɗu, uku suka dawo, aka kashe Michael Nnadi mai shekara 18. Amma a cikin watan nan dai aka kashe Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN a hannun Boko Haram, shi kuwa magidanci ne. Hanyar baffa ba ta tsare kowa daga wannan ba, manomin garinku da ke gonarsa ma bai tsira ba. Ki tambayi ɗanki matakan tsaron inda za a kai shi, ki sa shi a addu'a, iyakar abin da ke hannun uwa ke nan.

Akwai tambayar da za ki yi masa wadda ta shafi tsufanki kai tsaye: Fadan diyosis zai zama ko na ƙungiya, irin Dominikan ko Agustiniyan? Na ƙungiya yana ɗaukar wa'adin talauci, abin da ya samu na ƙungiya ne, kuma ana iya tura shi ko'ina a duniya. Na diyosis alkawarin rashin aure da biyayya ga bishop yake yi, yana iya mallakar abu, ya ci gado, ya taimaki iyayensa, kuma galibi a yankinku zai yi aiki. Na ga uwayen Fada da ɗansu ke leƙo su fiye da yadda masu mata ke yi. Ba na yi miki alkawarin haka, amma kada ki ɗauka naɗi jana'iza ce.

Sai sunan babansa da filin. Na san al'adar da ke cewa gida na namiji ne, na kuma san yadda ake yi wa gwauruwa in aka ga babu jika ta wajen ɗa. Ba baffa nake zargi ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A hutunki na gaba ki nemi lauya, a yi wa filin da ginin takarda, ki adana rasit na duk abin da kika tura na gini, ki rubuta wasiyya da sunan 'ya'yanki uku. 'Ya'yan nan mata biyu, layi ɗaya kacal suka samu a wasiƙarki. Jinin maigidanki ne su ma, 'ya'yan da za su haifa a bayanki za su yi barci kamar kowane jika. Ki kira su ki ji yadda suka ɗauki maganar, ba mamaki sun riga ki sani da daɗewa.

Aiki kuma kada ki ajiye shi cikin fushi. In asibitinki na bin dokar ƙwadago ta Saudiyya, kuɗin sallama rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, sai cikakken wata kan kowace shekara bayan nan. Wanda ya yi murabus tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku yake samu, wanda ya cika goma ya karɓa duka. Ke kina ta tara. Ki duba kwantiraginki, ki tambayi ofishin ma'aikata kafin ki sa hannu a komai. Ki nemi hutu in ya samu, ki je ki ga ɗanki ido da ido, ki kuma nemi ganin Fadan da ke kula da masu neman shiga, uwa tana da damar yin tambaya. Kuɗin da kike warewa na biki, daga wannan watan ki buɗe musu asusu da sunanki.

Kuma kina buƙatar wanda za ki yi wa kuka wanda ya san abin daga ciki. A inda kike babu coci, na sani, amma gadar Sarki Fahad kilomita 25 ce daga Kobar zuwa Bahrain, kuma can ne mazaunin bishop ɗin da ke kula da Katolikan Saudiyya, a babban cocin Awali da aka buɗe a Disamban 2021. In igamarki, wato takardar izinin zama, da bizar fita da dawowa sun ba ki dama, ki tsallaka wata Juma'a, ki nemi Fada bayan Misa, ki tambaye shi yadda tasa uwar ta yi ranar da ya gaya mata. Ki gaya wa Hajiya tun da wuri kada ta tuƙa tuwo da ke.

Akwatin kuwa kada ki rabar da kayan cikinsa yanzu, kada kuma ki riƙa buɗe shi da dare. Gwal ba ya lalacewa, kina da 'ya'ya mata biyu. Turaren ne ba ya son daɗewa, ki ciro kwalba ɗaya ki fara shafawa. Ki rubuto mini bayan kun yi wayar, ina son in ji abin da yaron ya ce.